Hoton Duhu

Na isa Guangzhou a shekarar da Hong Kong ta koma hannun China, bayan na yi wani lokaci a arewacin ƙasar ina koyon yarensu. Karatun fiziks ne ya kai ni. Ranar da na fara shiga ɗakin gwaji na sashenmu, a saman wani tsohon bene, na tarar da wani dogon baƙin mutum ya sunkuya a kan wata tukunyar ƙarfe yana ɗura mata ruwan naitirojin, farin hayaƙi mai sanyi yana gangarowa har kan takalminsa. Na gaishe shi da Sinanci. Bai ko ɗago ba ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan Kano. Riƙe mini mazurarin nan."

Mutumin Damagaram ne, ya girme ni sosai. Ya daɗe yana koyarwa a makarantar sakandare kafin gwamnatinsu ta ba shi tallafin yin digiri na uku. Shi ya sa nake ce masa Malam, shi kuma ya ce mini ƙanena, ko ɗan Kano idan tsokana yake ji. Shugabarmu wata tsohuwa ce gajeriya mai furfura, da keke take zuwa aiki ko ana ruwa. Farfesa muke ce mata.

Aikin da aka ba ɗakinmu ya shafi wani ƙaramin tauraron ɗan'adam da ake shirin ginawa, wanda zai ɗauki na'urar hangen taurari. A cikin na'urar, a inda tsohuwar kyamara ke da fim, akwai wani ɗan faranti da bai fi kan sarki na wasiƙa girma ba. An rarraba fuskarsa ƙwaya-ƙwaya, dubun dubata, kowace ƙwaya tana tara hasken da ya faɗo mata ta ba da lissafinsa. Haɗuwar lissafin nan shi ne hoto. A nan ƙasa iska tana kare farantin. A can sama babu mai kare shi, radiyeshin da ke fitowa daga rana yana ta ratsa shi, yana lalata ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba wanda zai hau ya canza shi.

Malam ne ya koya mini yadda lalacewar take. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta kamar yadda yake zaunar da ɗalibansa a da.

"Wata ƙwayar mutuwa take yi, ba ta ganin komai," in ji shi. "Wannan ba ta da wuya, ka san inda take ka tsallake ta. Wata kuma zafi take yi. Ko a cikin duhu sai ta ce ta ga haske. Idan ba ka san da ita ba, sai ka tashi ka shelanta wa duniya ka gano sabon tauraro, alhali babu komai a wurin."

"To yaya ake gane ta?"

"Hoton duhu ake ɗauka."

Ya nuna mini. A rufe farantin ruf, a sanyaya shi, a ɗauki hoton babu. Duk wani ɗigon haske da ya fito a wannan hoto, daga farantin yake, ba daga sama ba. Sai a san wurinsa da yawan abin da yake ƙarawa, a riƙa cirewa daga kowane hoto na gaskiya. Idan an ɗumama farantin a hankali, da yawa daga cikin masu zafin sukan warke. Amma akwai kashi na uku, su ne suka hana Malam sakat. Masu ƙiftawa yake ce musu. Yanzu ƙwayar ta ƙara kaɗan, an jima ta ƙara da yawa, sai kuma ta yi shiru kamar lafiyayya. Ba ka san abin da za ka cire ba, domin abin da ta yi jiya ba shi za ta yi yau ba. A kansu yake rubuta kundin digirinsa.

Haka muka riƙa yini tare. Ni ne mai ɗura naitirojin da jera faifan kwamfuta, shi kuma yana bin ƙwayoyin ɗaya-ɗaya. Ya san wasu da wurin zamansu. Sai ya ce, "Waccan ta kusurwar hagu yau ta tashi da rigima." Da azahar mu shimfiɗa kwali a bayan kabad mu yi salla, sannan mu sauka shagon taliya na wasu Musulman China da ke bayan jami'a. Mai shagon ya san Malam ba ya son yaji da yawa, ni kuma ina so.

A lokacin Hausawa ba su yi yawa a garin ba. Ɗalibai ne 'yan kaɗan, sai 'yan kasuwa da suka fara gano hanya. Cikinsu akwai wani Alhaji daga Kano mai sarin takalma, yakan zo lokaci-lokaci ya sauka a wani otel kusa da tashar jirgin ƙasa. Ran Asabar mukan raka shi Zhanxi Lu, titin 'yan sarin takalma, mu yi masa tafinta. Shi kalma biyu ya iya, "lawban", wato maigida, da "meyo", wato babu, kuma da su yake ciniki har ya gaji ya waiwayo mu. Yana da abokan ciniki 'yan Damagaram da ke zuwa shagonsa a Kano, ta hannunsu saƙon gidan Malam yake isowa. Ba wasiƙa ake aikowa ba, kaset ne.

Malam yana da mata da 'ya ɗaya. Yarinyar tana koyon tafiya ya baro gida, kuma bai koma ba tun lokacin, domin tallafinsu ba ya kai mutum gida hutu. Duk girmanta a kaset ya ji shi. Yakan kira ni ɗakinsa mu saurara tare, ban san dalili ba, wataƙila yana son wani ya tabbatar masa da abin da kunnensa ya ji. Matar takan yi gaisuwa a kunyace, ta faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, sannan a ji tana cewa, "Zo ki gaida Baba." Sai shiru, sai kukan akuya, sai numfashin yaro daf da rediyon. A wani kaset yarinyar ta tambayi uwarta, "Baba a cikin nan yake?" Malam ya yi ta mayar da wurin yana dariya har na ji tsoron kada zaren ya tsinke.

Wani zuwan Alhaji, an haɗo kaset da wani guntun zare, tsawon ƙafar yarinyar ke nan. Muka shiga Zhanxi Lu da zaren, Malam yana gwada shi a tafin takalman yara. Masu shaguna suna ta kallonmu, don su da katan suke sayarwa ba da ƙafa ɗaya ba. Daga ƙarshe wata mata ta tausaya ta ciro masa wani ja daga cikin na nuni, irin wanda dunduniyarsa ke kawo wuta in an taka. Ya ɗauki wanda ya ɗan fi zaren tsawo, ya ce kafin ya isa ta ƙara girma.

A shekarata ta biyu aka zo gwaji na ƙarshe. Faranti ɗaya ya rage mana mai kyau. Farfesa ta daɗe tana neman a ba mu lokaci a wata cibiya da ke arewa, inda suke da injin da zai harbi farantin da radiyeshin irin wanda zai sha a sama cikin shekaru. Da aka samu, ita da Malam suka kai shi a jirgin ƙasa, suka dawo da shi a cikin sanyi. Daga nan sai a riƙa ɗumama shi mataki-mataki, kullum a ɗauki hotunan duhu, a ga wace ƙwaya ta warke, wace ta ƙi, masu ƙiftawa kuma me suke yi. Aikin makonni ne, kuma ba ya maimaituwa, domin abin da ya warke ya warke. Tallafin Malam kuma zai ƙare a ƙarshen wannan zangon.

Lokacin ya faɗo a watannin da bangon Guangzhou ke gumi. Danshi ya cika gari, madubi ya yi hazo, tufafi su ƙi bushewa, ƙasan ɗaki kamar an yi wanki. Muna ta fama kada raɓa ta shiga tukunyar. A can gida kuwa tsakiyar zafi ne.

Muna cikin haka wata rana da hantsi mai gadin masaukin ɗalibai ta aiko a kira Malam, ana nemansa a waya. Waya ɗaya ce a masaukin, a kan teburinta. Na bi shi. Ƙanin matarsa ne yake kira daga gidan waya na Damagaram. Na ji Malam yana cewa, "Tun yaushe? Wuyan ya sanƙare? Kun kai ta gidan likita?" Layin ya yanke kafin ya gama tambaya.

Sanƙarau ne. Ya ce ana ta yinsa a garin.

Da yamma muka je wurin Alhaji, muka yi sa'a yana gari. Bai bari Malam ya gama bayani ba ya ce, "Malam, haɗa kayanka. Gobe ka shiga Hong Kong, ni zan yi tikitin. Kada ka yi mini maganar komai."

Farfesa ma da ta ji, cewa ta yi ya tafi. Ni kuma na ce zan riƙe awon, na iya, ya gani da idonsa. Ya ce ya sani. Amma akwai abin da dukkanmu muka sani ba mu faɗa ba. Takardar zamansa ta kusa ƙarewa tare da tallafin, idan ya fita ba lalle ya samu dawowa ba. Hanyar kuma doguwa ce, sai ya bi ta wata ƙasa ya sauka Kano, sannan ya hau mota. Shekarun da ya yi nesa da yarinyar, don wannan takardar digirin ya yi su. Duk da haka ya haɗa jaka. Na taya shi naɗe riguna masu danshi.

Washegari da safe, kafin mu fita, aka sake kira. Wannan karon matar ce da kanta. An yi wa yarinyar allurai, zazzaɓin ya sauka, ta buɗe ido, har ta sha kunu. Malam ya tambaya, "In taho?" Ban ji amsarta ba. Daga baya ya gaya mini cewa ta yi, "Yadda ka gani." Ya ajiye wayar ya daɗe a tsaye, mai gadin tana kallonsa ta saman gilashinta.

"Saura kaɗan, ƙanena," ya ce. "In na gama sai in tafi gaba ɗaya, ba sai na sake baro su ba."

Ban ce masa kada ya yi haka ba. Ni ma a ganina daidai ne. Alhaji kuwa da aka gaya masa, cewa ya yi, "To, Allah ya ƙara sauƙi. Tikitin dai yana nan."

Jakar ba a kwance ta ba, tana nan a bakin ƙofa. Muka koma aiki. Kwanakin nan Malam ya yi ta hira fiye da yadda ya saba. Ya ba ni labarin gidan da yake son ginawa a bayan gari, da yadda zai sa yarinyar lakwal, wato makarantar boko, da kansa ya riƙa kai ta a kan babur. Masu zafin suna ta warkewa, kullum hoton duhu yana ƙara yin baƙi.

Ranar da labarin ya zo, mun ɗura naitirojin muna jiran sanyi ya kai, ba mu fara ɗaukar hoto ba. Sai na ji takun mutum mai nauyi a matakala, yana hawa yana hutawa. Alhaji ne. Bai taɓa zuwa jami'ar ba, ban san yadda ya gano ginin ba, da kalmominsa biyu. Ya tsaya a bakin ƙofa, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi, ya cire hula ya mayar. An kira shagonsa na Kano, yaransa suka kira shi a otel.

"Malam," ya ce, "sai haƙuri."

Malam ya ajiye mazurarin a kan tebur a hankali. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai ya tambaya, "An kai ta?"

"An kai ta jiya da la'asar."

Ya gyaɗa kai. Ya duba agogon awon sanyi kamar zai rubuta, bai rubuta ba. Na kama hannunsa muka sauka.

Kafin la'asar ɗakinsa ya cika. Ɗaliban Nijar da na Najeriya, 'yan kasuwa da Alhaji ya sanar, har mai shagon taliya ya zo da farar hularsa ya ɗaga hannu aka yi addu'a tare. Aka jingine gado a bango aka shimfiɗa barguna. Farfesa ta zo da lemo a leda. Ta ga takalma a ƙofa sai ta cire nata, ta shigo ta rasa inda za ta zauna a cikin maza, ta tsaya a gefe riƙe da ledar. Malam ya miƙe don ya gaishe ta, ta sa hannu ta mayar da shi zaune. Ta daɗe a tsaye kafin ta tafi. A ranar babu wanda ya tuna da farantin. Ni ma ban tuna ba.

Da gari ya waye na je ɗakin gwaji da niyyar in ci gaba ni kaɗai, sai na tarar ya riga ni. Na ce, "Malam, da ka huta." Ya ce, "In zauna in yi me?" Muka ɗauki hotunan ranar. Daga nan har aka gama bai sake fashi ba, amma ya daina yi wa ƙwayoyin magana, kuma bai sake kirana sauraron kaset ba. Abinci sai na matsa. Ya yi ta neman a haɗa shi da matarsa a waya, kullum ƙaninta ne ke zuwa, ya ce ba ta jin daɗin fita.

Sakamakon ya yi kyau. Yawancin masu zafi sun warke da ɗumi. Masu ƙiftawa kuwa kaɗan ne suka daina. Malam ya nuna cewa hoton duhu ɗaya ba ya isa a gane su, sai an jera da yawa an bi kowace ƙwaya a ga tana tsalle. Ya tsara hanyar da kwamfuta za ta tsamo su ta yi musu alama, a daina ƙoƙarin gyara su, a daina kuma yarda da abin da suka faɗa. A zanen da ke nuna warkewar kwana bayan kwana akwai gurbi ɗaya babu ɗigo. Wani ɗalibi ɗan China da ke taya mu zane ya ce ai layin a miƙe yake, ana iya haɗe shi. Malam ya ce a bar shi haka.

Ranar kare kundin ya sa farar shadda da ya zo da ita daga gida, ta yi masa yawa. Cikin masu jarrabawar akwai wani dattijo da aka gayyato daga wata jami'a, bai san abin da ya faru ba. Ya yaba aikin, sannan ya nuna zanen da biro ya ce, "A nan me ya faru? Na'urar ce ta samu matsala?"

Farfesa ta buɗe baki za ta amsa, Malam ya riga ta. Ya ce da Sinancinsa mai tsabta, "Na'urar lafiyarta ƙalau. Ni ne ban yi awo ba a ranar."

Dattijon ya ce ya kamata a rubuta dalili a ƙasan zanen. Malam ya ce to. Bai rubuta ba, Farfesa kuma ta sa hannu a haka.

Ni da Alhaji muka raka shi tashar jirgin ƙasa mai zuwa Hong Kong. Ana yayyafi. Kayansa jaka ɗaya ce da kwalin littattafai. Muna jiran a buɗe ƙofa ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Na yi ta lissafi, ƙanena. Da na tafi ran nan, da na same ta da rai. Ko ba ta gane ni ba, da na ɗauke ta."

Na ce, "Kwananta ne ya ƙare, Malam."

"Na sani. Ba kwananta nake lissafawa ba."

Alhaji ya juya baya yana gyara igiyar kwalin da ba ta kwance ba. Aka buɗe ƙofa, muka yi musabaha, ya ce in riƙa duba robar murfin tukunyar, ta fara tsagewa. Tsawonsa ya sa na daɗe ina hango kansa a cikin jama'a.

Tauraron ba a gina shi ba. Kafin in gama nawa karatun aka ce an dakatar da shirin, aka ba ɗakinmu wani aiki na kyamarorin masana'anta. Farfesa ta yi ritaya ba da jimawa ba. Hanyar da Malam ya tsara ta fito a wata mujallar kimiyya ta Sinanci da sunansa a gaba. Na ba Alhaji kwafi ɗaya ya kai masa.

Da Alhaji ya dawo na tambaye shi labari. Ya ce da kansa ya je Damagaram, don bai yi wa matar ta'aziyya ba. Malam ya koma makarantarsa ta da yana koyarwa. An nema shi a jami'a a Yamai ya ƙi zuwa. Matar tana ɗakinta, ta fito ta gaishe shi ta kawo fura, amma har ya tashi bai ga ta dubi inda mijinta yake ba. Malam ya karɓi mujallar ya yi godiya, ya ajiye ta a gefen tabarma, ya shiga tambayar yadda kasuwar takalma take.

Bayan na dawo gida na yi ta cewa zan je, Kano da Damagaram ba nisa. Aiki da iyali suka yi ta ture tafiyar. Sau ɗaya muka yi magana, bayan wayar hannu ta zo. Muryarsa ta tsufa. Ya ce sun samu yara maza biyu, babban yana son lissafi. Ya tambaye ni ko Farfesa tana da rai, na ce ban sani ba. Sai na ji ana kiran salla a wajensu, ya ce bari ya je masallaci.